Sassaben Zamani: Yadda Itatuwa Suka Dawo Gonakin Maraɗi

A shekarar 1935 ne Turawan Faransa suka kafa dokar daji a ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma, har da Nijar. Dokar ta ɗora dazuzzuka da wasu itatuwa masu amfani a hannun hukuma, kuma samun 'yancin kai a 1960 bai sauya wannan tsari ba. Manomi ya wayi gari itacen da ke gonarsa ba nasa ba ne. In ya sare reshe, ma'aikacin daji ya ci shi tara. Don haka da zarar toho ya fito, sai ya sa masa gatari tun kafin ya zame masa rigima. A ganinmu, nan ne asalin ɓarnar, tun gabanin farin 1973 da na 1984.

Da gonaki suka zama fili fetal, iska ta riƙa binne shukar gero da rairayi, har a sake shuka sau biyu ko uku. Aka yi ta dashen dogon yaro, akasarinsa ya mutu.

A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ake ɗauka ciyayi ne, kututturan kalgo da sabara da makamantansu ne masu rayayyun saiwoyi. Abin yi kawai shi ne a lokacin sassabe a zaɓi toho mafi ƙarfi, a datse saura, a tsare shi daga dabbobi. Manoma suka raɗa wa dabarar suna sassaben zamani, ko da yake ba baƙuwa ba ce ƙwarai: kakanninmu sun san gawo na kaɗe ganye da damina, ya taki ƙasa, bai kuwa tare wa gero rana.

Dabarar ta bazu ne sosai bayan hukuma ta sassauta, musamman da dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. Shi ya sa masana canjin yanayi ke yawan kafa hujja da yankin. Hotunan tauraron ɗan'adam kuwa sun nuna wurare a kan iyaka inda gonakin Nijar suka fi namu na Nijeriya itatuwa, alhali mu ne ke kudu, wajen da ruwan sama ya fi yawa.