Nazari a kan Na'urorin Ƙarasa Kifi da Ake Ɗaura wa Bindigar Mashi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi na'urorin da masu farautar kifi ta hanyar nutso suke amfani da su domin ƙarasa kifin da suka soka, ta auna su da ma'auni biyu, wato saurin mutuwar kifin da amincin mai nutso, sannan ta rinjayar da tsinken ƙwaƙwalwa a kan na'urar harsashi a galibin halaye.

Asalin mas'alar

Tun lokacin da Georges Beuchat ya fitar da bindigarsa ta mashi mai roba a birnin Marseille na Faransa a shekarar 1947, hankalin maƙera ya fi karkata ga yadda mashi zai yi nisa ya huda, alhali kuwa mafi hatsarin sa'a ita ce wadda take biyo bayan sukar, yayin da babban kifi, da ƙarfe a jikinsa, yake fizge-fizge yana jan igiya zuwa cikin ramukan duwatsu, shi kuwa mai nutso ba shi da guzuri sai numfashi ɗaya da ya riƙe a ƙirjinsa. Igiyar tana iya naɗe masa hannu ko ƙafa, jinin kifin da fafutukarsa suna kiran kifin shak, duk daƙiƙar da ta ƙaru kuma tana kusantar da shi ga sumar da ƙarancin iska yake jawowa, wadda ita ce ajalin da yawa daga ma'abota wannan sana'a.

Na'urar harsashi

Wannan gajeren bututu ne na ƙarfe marar tsatsa da ake zura shi a bakin mashi, da harsashi guda a cikinsa, wanda ba ya tashi sai an dangwara bakin bututun a jikin kifi da ƙarfi. Hikimar ƙirar ta samo asali daga ɗabi'ar ruwa, domin ya fi iska nauyi kimanin sau 800, harsashin da aka harba daga nesa nan da nan yake mutuwa. Saboda haka abin da yake kisa a nan, mafi yawa, shi ne hucin albarushin da yake kutsawa cikin nama a take. Sharaɗin farko ga maƙeri shi ne ƙusar tsaro mai hana bututun ja da baya, wadda hannu mai safa zai iya laluba ya tabbatar tana nan ko da a cikin gurɓataccen ruwa. Ga mai amfani kuwa, wajibi ne kada ya hau jirgi da ita a ɗure, kada ya juya bakinta wajen abokin nutsonsa, domin abin da dangwara take tayar da shi bai san bambancin kifi da cinyar mutum ba.

Tarihinta ma abin lura ne ƙwarai. A gaɓar gabashin Ostareliya, cikin shekarun 1960, an yi ta karkashe wani jinsin shak mai launin toka da ita, bisa zaton cewa yana cin mutane, alhali dabba ce mai sanyin hali da take taruwa a kwazazzaban ƙarƙashin teku, har ya zama jihar New South Wales ta haramta taɓa shi a 1984. Jihar Fulorida ta Amurka ita ma ta hana kama kifi da wannan na'ura a ruwanta.

Tsinken ƙwaƙwalwa

A nan ne, a ganina, ilimi ya fi yawa. Masuntan Japan suna da usulubin da suke kira ikejime: a soka tsinke mai kaifi a ƙwaƙwalwa, wadda a yawancin kifaye take ɗan baya da ido kuma sama da shi kaɗan, sai a ga kifin ya yi karkarwa sau ɗaya, fikafikansa sun baje, bakinsa ya saki, daga nan a yanke jijiyar jini a maƙogwaro, wani lokaci kuma a zura waya cikin laka domin tsayar da sauran motsin tsoka. Fa'idar a bayyane take, saboda kifin da ya daɗe yana fafutuka yakan ƙone ƙarfin da yake ajiye a tsokarsa, tsami ya taru a ciki, naman ya sandare da wuri ya kuma lalace da wuri, sa'an nan harsashi yakan dagargaza wani sashe na abin da aka fita nema. Malaman fiƙihu ba su shar'anta yanka ga kifi ba, amma umarnin ihsani wajen kisa bai keɓe wata dabba ba, kuma tsinken da ya faɗa daidai shi ne mafi gajarta azaba.

Sai dai tsinke yana da nasa sharuɗɗan: a sa masa mariƙi mai kauri da ba ya sulɓewa, a ba shi kube a jikin bindiga ko a damtse inda kowane hannu zai kai, kuma kada a soka sai an damƙe kifin ta maƙogwaro, tafin hannu yana nesa da inda bakin ƙarfen zai ɓullo idan ya zarce.