Tuƙa Jirgi Maras Matuƙi da Ido: Me Zai Amfani Rumbu?

Tun 1961 dokar Nijar ta shata iyakar noma ta arewa, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta a yankin Dakwaro. A Rumbu, daura da kwarin Tarka, manomi da makiyayi suna gogayya kan burtali da rijiya, da rani kuma gobarar daji kan lashe ciyawar da garke zai ci wata da watanni. Buƙatar leƙe daga sama a fili take. Jiragen ma ba baƙi ba ne a ƙasar, domin kamfanin Drone Africa Service na Abdul'aziz Kunce ya yi taswirar matsugunan 'yan gudun hijira a Diffa a 2016. Muhawarar da ta rage ita ce gaɓar da za ta riƙe linzami.

Masu bincike sun nuna ido na iyawa. Ana haska ƙwayar ido da wani haske da mutum ba ya gani, kyamara ta auna ƙyallinsa, kwamfuta ta lissafa inda ake duba. John Paulin Hansen da abokan aikinsa sun gwada haka a Kofanhagan a 2014, sannan a 2018 masana daga jami'o'in New York da Pennsylvania suka tuƙa ƙaramin jirgi da tabarau na kamfanin Tobii.

Duk da haka ina ganin kuskure ne a damƙa wa ido tuƙi gaba ɗaya. Alfred Yarbus ya nuna a littafinsa na 1967 cewa ido ba ya zama wuri ɗaya. Yana tsalle kusan sau uku a daƙiƙa, yana bin abin da zuciya ke nema. Robert Jacob ya gano illar hakan a 1990: idan kowane kallo umarni ne, mutum ya rasa damar dubawa kawai. To, makiyayin da ke karanta ƙasa aikinsa ke nan, ya waiga nan ya waiga can, ya bambance hayaƙi da ƙura, ya gane sawun garke. Jirgin da ke bin kowane waige zai ƙarar da batirinsa a banza. Ga kuma hasken rana da ke rikita na'urar, ga ƙurar hunturu, ga amosanin ido da jihar Maraɗi ta sha fama da shi, wanda tabonsa kan dusashe ƙyallin da ake aunawa.

Mafita ita ce raba aiki: ido ya nuna wuri, jirgi ya nemi hanyarsa da kansa, umarni kuma ya jira tabbaci, ko da maɓalli ɗaya ko da murya. A haka ne fasahar za ta kai ga wanda ya fi cancantarta, wato matashin da shan-inna ko haɗari ya raunana hannunsa, wanda zai iya zama a Rumbu yana sa wa burtali ido, ya sanar da hukumar kula da filaye kafin shuka ta toshe hanyar dabbobi.