Stephen Keshi: Daga Kyaftin Zuwa Kocin Super Eagles

An haifi Stephen Okechukwu Keshi ranar 23 ga Janairu, 1962, a garin Azare na jihar Bauchi ta yanzu, amma iyayensa mutanen Illah ne a jihar Delta, kuma a Legas ya girma. A makarantar St. Finbarr's, wadda ta yi suna wajen fitar da 'yan ƙwallo, aka fara gane cewa yaron zai yi nisa. Ɗan wasan baya ne mai ƙirar ƙarfi da murya mai kauri, wanda ke iya aika ƙwallo daga nesa ta faɗa inda yake so. Ya fara da ƙungiyar ACB ta Legas a 1979, sannan ya koma New Nigeria Bank ta birnin Benin, wadda ya ci kofin WAFU na Afirka ta Yamma da ita a 1983 da 1984. Tun 1981 ya soma saka rigar Najeriya, lokacin ana kiran tawagar Green Eagles.

Rigima da hukuma ce ta fitar da shi waje. Hukumar ƙwallon Najeriya ta dakatar da shi tare da wasu abokan wasansa na New Nigeria Bank saboda jinkirin shiga sansani. Maimakon ya zauna jiran afuwa, sai ya tsallaka Kodebuwa a 1985, ya buga wa Stade d'Abidjan da Africa Sports. A 1986 ya sauka Beljiyam, ya yi kaka guda a Lokeren, Anderlecht ta ɗauke shi. A nan ya ci kofin ƙasar a 1988 da 1989, ya ci gasar lig a 1991, kafin ya wuce Strasbourg ta Faransa.

A wancan zamani ɗan ƙwallon Najeriya a Turai abin ƙirgawa da yatsu ne. Gidan Keshi a Beljiyam ya zama masaukin baƙi ga samarin Afirka masu neman kulob, shi ke yi musu hanya, shi ke ba su wurin kwana. Cikin waɗanda ya ja har da Nii Lamptey na Ghana, wanda ya kai Anderlecht yana ɗan yaro. Wannan ɗawainiya, haɗe da yadda maganarsa ke da nauyi a sansanin tawagar ƙasa, su suka tabbatar masa da laƙabin Big Boss.

Kofin Afirka ya daɗe yana kufce masa. Sau biyu Kamaru ta doke Najeriya a wasan ƙarshe, da ci 3 da 1 a Abidjan a 1984, da ci 1 da nema a Kasablanka a 1988, a 1992 kuma Najeriya ta ƙare ta uku a Senegal. Sai a 1994 a Tunisiya, ƙarƙashin Clemens Westerhof ɗan ƙasar Holan, aka doke Zambiya 2 da 1. A lokacin rauni da shekaru sun ci ƙarfin Keshi, bai buga wasan ƙarshen ba, amma a matsayinsa na kyaftin shi ya ɗaga kofin. A gasar kofin duniya ta Amurka a shekarar, wadda ita ce ta farko ga Najeriya, wasa ɗaya ya buga, da Girka. Ya bar tawagar da wasanni 64 da ƙwallaye 9, ya ƙarasa wasansa a ƙananan ƙungiyoyi a Amurka da Malesiya.

Aikin horarwa ya fara masa da ɗaci. Yana mataimakin Shu'aibu Amodu suka kai Najeriya gasar kofin duniya ta 2002, amma bayan ta ƙare ta uku a gasar Afirka a Mali sai aka sallame su, aka miƙa wa Festus Onigbinde tawagar zuwa Japan da Koriya ta Kudu.

A 2004 Togo ta ɗauke shi. Ƙasar ba ta taɓa zuwa kofin duniya ba, kuma rukuninta na share fage na da Senegal, wadda ta kai matakin ƙasashe takwas a 2002, ga Zambiya da Mali. Keshi ya gina tawagar a kan Emmanuel Adebayor, ya cusa wa sauran 'yan wasan yarda da kai. A watan Oktoban 2005 Togo ta doke Kwango 3 da 2 a Brazzaville, ta zo ta ɗaya a rukunin, ta samu gurbin zuwa kofin duniya. Wata uku bayan haka al'amura suka dagule: a gasar Afirka ta Masar ya samu saɓani da Adebayor a bainar jama'a, Togo ta sha kashi a wasanninta uku, aka kore shi aka kawo Bajamushe Otto Pfister. Karo na biyu ke nan ana yi masa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ya riƙe Mali daga 2008 zuwa farkon 2010. Abin da aka fi tunawa shi ne wasan buɗe gasar Afirka a Angola, inda mai masaukin baƙi ke cin Mali 4 da nema saura minti kaɗan a tashi, aka ƙare 4 da 4. Duk da haka Mali ba ta fita daga rukuni ba, aka raba gari.

A Nuwamban 2011 hukumar NFF ƙarƙashin Aminu Maigari ta ba shi Super Eagles, bayan Samson Siasia ya kasa kai ta gasar Afirka ta 2012. Keshi ya yi abin da magabatansa suka daɗe suna gudu: ya buɗe sansani ga 'yan wasan gida, ya riƙa gwada su a wasannin sada zumunta, ya daina ɗaukar sunan kulob na Turai a matsayin takardar shiga tawaga. Da ya fitar da sunayen masu zuwa gasar Afirka a Afirka ta Kudu a 2013, babu Osaze Odemwingie, babu Obafemi Martins, sai ga 'yan wasan gida shida, ciki har da Sunday Mba da Godfrey Oboabona da Gabriel Reuben na Kano Pillars. Jaridu suka yi masa caa. Shi ma bai rage wa kansa abokan gaba ba, domin a lokacin ne ya fito fili ya soki hukumomin Afirka da ke kwaso Turawan da ba su fi kocin gida komai ba, su biya su maƙudan kuɗi, su ba su lokacin da ba sa bai wa nasu.

Gasar ta fara da sanyin jiki: kunnen doki 1 da 1 da Burkina Faso, haka da Zambiya, sai bugun fanareti biyu na Victor Moses suka kawar da Habasha. Wasan da ya sauya komai shi ne na Kodebuwa, mai Didier Drogba da Yaya Toure, wadda kusan kowa ya riga ya ba ta kofin. Emmanuel Emenike da Mba suka ci, aka tashi 2 da 1. Mali ta sha 4 da 1 a Durban, Ahmed Musa na cikin waɗanda suka zura ƙwallo. Ranar 10 ga Fabrairu, a Johannesburg, ƙwallon Mba ta raba gardama da Burkina Faso. Kyaftin Joseph Yobo, wanda Keshi ya ajiye a benci kusan duk gasar ya fifita Oboabona da Kenneth Omeruo, ya shigo a mintunan ƙarshe ya ɗaga kofin. Keshi ya zama mutum na biyu da ya ci kofin Afirka yana ɗan wasa kuma yana koci, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar. Washegari ya ce ya ajiye aiki saboda yadda jami'an hukuma suka nuna masa rashin goyon baya ana tsakiyar gasa, sai da aka rarrashe shi ya janye.

Ya kai Najeriya gasar kofin duniya ta Brazil bayan doke Habasha gida da waje, alhali yana bin hukuma albashin watanni. A farkon 2014 'yan wasan gida zalla suka zo na uku a gasar CHAN, da Rabi'u Ali na Kano Pillars a cikinsu. A Brazil, Najeriya ta yi canjaras da Iran, ta ci Bosniya da ƙwallon Odemwingie, wanda suka riga suka shirya, ta sha kashi 3 da 2 a hannun Ajantina, Musa ya ci biyu. Faransa ta fitar da ita da ci 2 da nema a zagaye na biyu. Keshi ne koci ɗan Afirka na farko da ya kai wannan mataki.

Daga nan aka shiga kiki-kaka. A wasannin share fagen gasar Afirka, Kwango ta ci Najeriya 3 da 2 a Kalaba, Sudan ta ci ta a Khartum, aka sauke shi a Oktoban 2014, aka mayar da shi bayan mako biyu da sa bakin Shugaba Goodluck Jonathan. Kunnen doki 2 da 2 da Afirka ta Kudu a Uyo ya hana mai riƙe da kofi zuwa gasar 2015. Laifin ba na hukuma kaɗai ba ne, domin tawagar ta rasa alƙibla, kuma taurin kan da ya taimake shi a 2013 ya hana shi sauya salo. An ba shi sabon kwantiragi a Afrilun 2015, aka kore shi a Yuli bisa zargin neman aikin Kodebuwa, Sunday Oliseh ya gaje shi.

Matarsa Kate ta rasu a Disambar 2015. Shi kuma ya mutu kwatsam a birnin Benin a watan Yunin 2016 yana da shekara 54, kwanaki kaɗan kafin rasuwar Shu'aibu Amodu a garin. An binne shi a Illah, kuma babban filin wasa na Asaba yana ɗauke da sunansa.