Ƙarar inji a rediyon kaset: yadda ake gano ta da yadda ake gyara ta

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a shekarar 1963. Shekaru da dama gidajen rediyo da cibiyoyin yaƙi da jahilci a Nijar sun naɗi shirye-shiryensu a kansa: hirarraki da manoma, tarihin baka, waƙoƙin makaɗa. Sai da rediyon kaset mai lafiya ake iya juye waɗannan kasakasai cikin kwamfuta. Na'urar da ta fara ƙara tana iya cin zaren kaset, abin da ke ciki ya salwanta. Saboda haka kada a saka kaset mai muhimmanci sai an gano dalilin ƙarar.

Yadda na'urar ke aiki

Wani ƙaramin inji ne ke juya bel, wato siririn zoben roba. Bel ɗin yana juya faifai mai nauyi, wanda sandarsa ke matse zaren kaset a jikin ƴar tayar roba, tana jan shi santimita 4,76 a kowace daƙiƙa. Sau da yawa ana ɗora wa inji laifi, alhali ƙarar daga bel ko faifan take.

Gano inda ƙarar take

1. A rage sauti gaba ɗaya. Idan ƙarar ta ɓace, ta cikin lasifika take fitowa, matsalar ta lantarki ce. Idan tana nan, galibi ta ƙarfe ce ko ta roba.
2. A cire wayar wuta, a gwada da pil. Gurnani mai kauri da ya ɓace a kan pil daga ɓangaren wuta yake, galibi babban kondansater ne ya bushe. Inji ba shi da laifi.
3. A buɗe murfi, a zame bel, a kunna da pil. Idan an ji shiru, inji lafiya lau yake: a duba bel da faifai. Idan ƙarar ta ci gaba, daga injin take.

Gyara

Kafin a taɓa komai a ciki, a cire wayar wuta, domin bolt 220 yana kisa.

*Bel:* zafin watannin Afrilu da Mayu yana sa roba ta saki, ko ta narke ta zama kamar kwalta. A goge wurin da auduga da alkol, a saka sabon bel mai faɗi da tsawo irin na asali. Wanda ya matse da yawa yana cinye mazaunin sandar inji.

*Kuka mai tsini:* alama ce mai ya bushe, ƙurar hunturu ta shiga. A ɗiga ɗigo ɗaya tak na man keken ɗinki a gindin sandar inji. Ban da man gyaɗa, domin yana daskarewa. Kada mai ya taɓa bel ko tayar roba.

*Girgiza:* robobin da inji ke zaune a kansu sun taurare. A canza su.

*Tsartsatsi a lasifika:* idan yana farawa da tashin inji, yana tsayawa da tsayawarsa, ƴan burushin cikin injin ne suka cinye ko suka yi datti. Buɗe shi aikin ƙwararren mai gyara ne, kuma sau da yawa canji ya fi sauƙi.

Canza inji

Injinan kamfanin Mabuchi suna cikin waɗanda aka fi samu a irin waɗannan na'urori. A karanta takardar da ke jikin tsohon: ƙarfin wuta (galibi bolt 6, 9 ko 12), yawan juyi a minti, da ɓangaren da yake juyawa, CW ko CCW. Inji mai juyawa baya ba zai ja zare daidai ba. Bayan canji a daidaita gudu ta ƴar kafar da ke bayan injin, da kaset ɗin gwaji mai sautin haz 3000 ko 3150. Akwai manhajojin wayar salula da ke auna wannan sauti.

Shawara

Bayan kowane gyara, a gwada da kaset marar amfani daga farko har ƙarshe. Idan zaren ya fito sumul, ba lanƙwasa a gefensa, sannan a saka na tarihi, a juye shi cikin kwamfuta tun a kunnawar farko. A riƙa rufe na'urar da ƙyalle, a ajiye ta a inuwa, a cire pil idan za ta daɗe ba a yi aiki da ita ba.