Gore, tsibirin da ke gaban Dakar

Duk wanda Allah ya kai shi Dakar, babban birnin Senegal, in ya tsaya bakin teku zai hango wani ɗan tsibiri cikin ruwa. Sunansa Gore. Kullum akwai jirgin fito da ke kai mutane can daga tashar jiragen ruwa ta Dakar. Tafiyar kamar minti 20 ce. Mutum shi tafi da safe, shi komo kafin magariba. Tsibirin bai kai kilomita guda a tsawo ba, kuma babu mota cikinsa, sai tafiyar ƙasa. To, mi ke kawo baƙi daga ko'ina cikin duniya wannan ɗan wuri?

Turawan Fotugal su ne Turawan da suka fara sauka nan, a shekarar 1444. Bayansu ƴan Holan suka zo, su ne suka raɗa masa sunan da ya zama Gore. Faransawa suka ƙwace shi a 1677. Ingilishi ma sun riƙe shi sau da dama, sai a 1817 ya koma hannun Faransa. Abin da ya sa suke faɗa kansa shi ne jirage na samun wurin tsayawa lafiya, teku kuma ta zame musu ganuwa. Suna sayen ƙaro da fatu da kakin zuma, suna kuma sayen mutane.

Yawancin baƙi, da sun sauka, sai su nufi Gidan Bayi, wanda aka gina cikin ƙarni na 18. Masu gida suna zaune bisa bene, ƙasa kuwa ɗakuna ne ƙanana masu duhu. Ƙarshen wani lungu akwai ƙofa mai duban teku, ana ce mata ƙofar da ba a komowa. Wani dattijo, Boubacar Joseph Ndiaye, shi ya kula da gidan tun 1962 har rasuwarsa a 2009, yana ba baƙi labari. A 1978 UNESCO ta sa Gore cikin wuraren tarihi na duniya. A 1992 Paparoma Jean-Paul II ya zo nan ya roƙi gafarar Allah kan cinikin bayi.

Masana tarihi sun nuna cewa bayin da aka fitar ta Gore ba su kai ko kusa da waɗanda aka fitar ta Wida, ƙasar Benin, ko ta Luwanda, ƙasar Angola ba. Amma nan ginin yana tsaye, ido yana gani, hannu yana taɓawa. Shi ya sa Gore ya zama wurin tunawa da su duka.

Faransa ta haramta bauta a 1848. Da aka kafa Dakar a 1857, sai kasuwa ta koma can, tsibirin ya yi sanyi. A 1913 aka kawo masa lakwal ɗin horar da malamai, wadda daga baya aka sa wa suna William Ponty, ta yi sama da shekara 20 a nan. Yara daga duk yammacin Afirka na Faransa suka riƙa ƙetarowa. Cikinsu akwai Boubou Hama da Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, da Modibo Keita na Mali, da Houphouët-Boigny na Kodivuwa. Waɗannan kam sun komo gida, wasunsu suka koyar da yara, suka jagoranci ƙasashensu lokacin samun mulkin kai a 1960.

Saboda haka, in ka je Gore, kada ka tsaya ga Gidan Bayi kaɗai. Ka tambaya a nuna maka tsohon ginin lakwal ɗin, don can ma akwai tarihinmu. In kuma jirgin yamma ya ɗauko ka zuwa Dakar, ka tuna da waɗanda suka bar tsibirin nan ba su sake ganin gida ba. Allah shi kiyaye bayinsa da irin wannan masifa, amin.