Kano Pillars: Tarihinta da Hannayen da Suka Riƙe Ta

Kano Pillars ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ta ƙwararru da ke birnin Kano, mallakar gwamnatin jihar. An kafa ta a 1990. Gidanta shi ne filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, rigarta ruwan ɗorawa da kore, kirarinta kuwa "Sai Masu Gida". Sau huɗu ta lashe gasar Firimiya ta Najeriya, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2019. Duk faɗin Arewa babu ƙungiyar da ta ci gasar sau huɗu sai ita.

Kafin Pillars

Ƙwallo ya daɗe da zama a Kano kafin a raɗa wa wata ƙungiya wannan suna. A 1953 zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1, suka ɗauko Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama kofin ƙalubale. Bayansu aka yi zamanin Raccah Rovers, mai ɗauke da sunan da Kanawa suka sani tun lokacin cinikin gyaɗa. Ita ce zakaran gasar ƙasa a 1978, kuma a shekarar ce ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, wasan da Pele da kansa ya sa riga ya shiga fili.

A wancan zamani yawancin ƙungiyoyi na ma'aikatu ne da kamfanoni. Ɗan wasa ma'aikaci ne, sunansa na cikin takardar albashi tare da na direba da akawu, idan ƙafa ta gaza yana da kujerar da zai koma. Rauninsa kuwa shi ne ran ƙungiya yana hannun mai ita: in kasuwa ta juya wa kamfani baya, ko ran attajiri ya ɓaci, shi ke nan. Haka Leventis United da Abiola Babes suka watse a ƙarshen shekarun 1980 suna tsakiyar tashe.

Kafuwa

A 1990 Najeriya ta buɗe gasar ƙwararru, Kano kuma tana bukatar wakiliya ɗaya mai ƙarfi. Lokacin mulkin soja ne, Kanar Idris Garba yana gwamna, ba a ma cire Jigawa daga jihar ba tukuna. Sai aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka fitar da Kano Pillars. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, shi ake danganta wa wannan aiki.

Wannan haɗewa ita ce babban sauyin mallaka a tarihin ƙungiyar, kuma ya kamata a dube ta da kyau. WRECA hukumar jiha ce mai aikin ruwa da gina madatsu. Bank of the North banki ne na jihohin Arewa mai hedikwata a Kano. Ke nan ƙwallon bai fito daga aljihun wani attajiri ya faɗa na gwamnati ba. Ya tashi ne daga hannun ma'aikatu masu nasu lissafin, ya koma kai tsaye ƙarƙashin baitulmalin jiha. An samu tsira da hakan. Bank of the North ya narke cikin Unity Bank a 2006, da ƙungiyar tana rataye a wuyansa da wuya ta kai yau. Amma tun daga ranar ne kuma cin Pillars da shanta suka koma jiran sa hannun gwamna.

Ba ta ɓata lokaci ba wajen nuna kanta. A 1991 ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta. Daga nan sai da aka shafe shekara 17 kafin babban kofi ya shigo Kano.

Shekarun tashe

Kadiri Ikhana ne ya kai ta ga lashe gasar 2008, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Shekarar da ta biyo baya ita ce wadda magoya baya ba sa gajiya da ba da labarinta. A gasar zakarun Afirka ta 2009 aka haɗa Pillars da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin. An tashi 1 da 1 a Najeriya, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai ga 2 da 2 a Alƙahira, Pillars ta wuce saboda ƙwallayen da ta ci a waje. Ta fito daga rukunin da ya ƙunshi Al-Hilal da Al-Merreikh na Sudan da Zesco United ta Zambiya, ta isa wasan kusa da na ƙarshe. A nan 'yar gida ta tare ta: Heartland ta Owerri ta ci ta 4 da nema a can, ta biyo ta gida ta ƙara mata ɗaya.

Heartland ɗin nan ita ce misalin abin da bai taɓa faruwa da Pillars ba. Ta fara ne a matsayin Spartans ta gwamnatin Imo, a 1985 ta koma hannun attajiri Emmanuel Iwuanyanwu da sunan Iwuanyanwu Nationale, ita ma ce ta ci gasar ƙwararru ta farko a 1990, sannan gwamnati ta karɓe abinta a 2006 ta sake mata suna. A Kaduna ma an ga irin haka, inda DIC Bees ta kamfanin ƙera makamai ta koma hannun Alhaji Muktar Aruwa ta zama Ranchers Bees, ta kai wasan ƙarshe na kofin masu kofuna na Afirka a 1988. Pillars dai ba a taɓa sayar da ita ba, ba a kuma taɓa canza mata suna ba.

A kakar 2009 zuwa 2010 wani yaro ɗan Jos, Ahmed Musa, ya zura ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar, ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Sai kofuna uku a jere a zamanin gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso: biyu a hannun Muhammad Baba Ganaru, na uku a hannun Okey Emordi. Waɗannan su ne shekarun Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, da Gambo Muhammad.

Wanda bai ga Ƙofar Mata ranar wasa a lokacin ba, da wuya ya gane abin da ake nufi da masu gida. Tun bayan azahar 'yan adaidaita sahu ke sauke mutane, titin da ya bi ta gaban marina ya cika da riguna ruwan ɗorawa, masu ruwan leda da rake suna kutsawa tsakanin layukan tikiti. Kafin la'asar babu masaka tsinke. Daga 2003 har zuwa Agustan 2015, lokacin da Nasarawa United ta zo ta yi nasara da ci 2 da 1, ba a doke Pillars a gida a gasar Firimiya ba. Shekara 12 ke nan.

Jarrabawa

A Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyarta ta zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo Muhammad. A 2018 a Asaba tana gaban Enugu Rangers da ci 3 da nema a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, aka farke duka, ta faɗi a bugun fenareti. Ta share hawayenta a 2019 a filin Ahmadu Bello na Kaduna, inda ta doke Niger Tornadoes a fenareti ƙarƙashin koci Ibrahim Musa.

Kakar 2022 ce mafi ɗaci. Bayan hargitsin da ya biyo wasa da Katsina United, aka ƙwace mata maki uku, aka kuma kore ta daga filinta. Ƙarshen kaka ta faɗa gasar rukuni na biyu. Laifin wasu 'yan tsirarun 'yan kallo a fili yake, ba za a wanke su ba. Amma ƙungiya mai kofi huɗu ba ta faɗuwa saboda yammaci ɗaya. Sai an daɗe ana sakaci da ita a ofis. Ta dawo a 2023, tare da Katsina United da Heartland da Sporting Lagos.

Mai ita a takarda, mai ita a zuci

A takarda mai Pillars ɗaya ne tun 1990. A aikace kuwa tana sauya hannu duk lokacin da aka sauya gwamna. Shi ke naɗa hukumar gudanarwa, shi ke rushe ta, daga ofishinsa kuɗin albashi da na sayen 'yan wasa ke fitowa. Idan aka dace da mai son ƙwallo sai a ga haske, idan hankalinsa ya tafi wani wuri sai a ji ana bin bashin alawus. Ba Kano kaɗai ba ce: haka Katsina United take, haka Sokoto United da ke filin Giginya, haka El-Kanemi da Wikki Tourists. Shugaban da bai san ko zai kai baɗi ba, ba zai gina makarantar horar da yara da sai bayan shekara goma za a ci moriyarta ba.

Abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne matsayin magoya baya. Su ne suka cika filin shekara da shekaru, su ne ke bin mota har Aba da Fatakwal, amma ba su da hannun jari ko na sisin kwabo, ba su da ƙuri'a kan wanda zai shugabanci ƙungiyar da ake kira da sunansu. A Sifaniya mambobi ne ke zaɓen shugaban Real Madrid da na Barcelona, Al Ahly ɗin da Pillars ta fitar ma haka take. Garin da ke da kasuwannin Kantin Kwari da Singa da Dawanau ba zai rasa masu sayen rabo a ƙungiyarsa ba, in an buɗe ƙofa kuma an nuna musu littafin lissafi. A cikin gida ma, Remo Stars ta Kunle Soname, wadda ba ta gwamnati ba, ta lashe gasar a 2025.

Ahmed Musa ya dawo ya buga wa Pillars a 2021, ya sake dawowa a 2024. A Yulin 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa shi babban manajan ƙungiyar.