Elmina: Kwalekwale Ya Girmi Ganuwa

Duk Juma'a da yamma ko Asabar da sassafe, motoci kan baro Akra, babban birnin Gana, su kama titin yamma da ke bin gaɓar teku, tafiyar kamar kilomita 150, su sauke ma'aikata da ɗalibai da baƙi 'yan ƙasashen waje a Elmina. Tsarin ziyarar kusan ɗaya ne. A shiga farar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ɗan jagora ya zagaya da mutane ɗakunan da aka tsare bayi, a fito jiki a sanyaye, a tsaya kan gadar da ke bakin tafkin Benya a ɗauki hoton kwalekwale masu tutoci da fenti iri-iri, a ci gasasshen kifi, ran Lahadi a koma gida. Mai irin wannan ziyara ganuwa yake ɗauka tarihin garin, masunta kuwa ado ne da ke cika masa hoto. A ganina an juya lissafin. Wanda ya bi tarihin Elmina a tsanake zai tarar kwalekwale ne ginshiƙinsa, ganuwar ma da shi ta rayu.

Da jiragen Fotugal suka fara leƙo wannan gaɓa a 1471, ba kango suka tarar ba. Akwai gari a kan wani zirin dutse da ya raba teku da tafki, mutanensa suna su, suna harkar gishiri, zinariya kuma tana sauko musu daga cikin ƙasa. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, da Diogo de Azambuja ya zo da magina da kayan gini, sai da ya zauna da sarkin garin, wanda littattafan Fotugal suka kira Caramansa, ya nemi izini. Sarkin bai ba da shi da daɗin rai ba, kuma da aka fara fasa dutse ana rushe gidaje don a sami fili, sai da rikici ya tashi. Tonon da masanin kufai Christopher DeCorse ya fara a wurin cikin shekarun 1980 ya ƙara tabbatar da cewa zaman mutane a nan ya riga zuwan Bature. Abin da ya zaunar da su a fili yake. Benya ruwa ne kwantacce da ke buɗe baki cikin teku, inda mai kwalekwale zai ɗaure abin hawansa ya yi barci da ido biyu rufe, kuma irin wannan mafaka ba ta da yawa a gaɓar Gana.

Wannan ƙarancin mafaka shi ne mabuɗin labarin duka. A wancan zamani gaɓar ba ta da tashar da babban jirgi zai matso ya jingina, igiyar ruwa kuma tana dukan tudu da ƙarfin da ke kifar da ƙananan jiragen Turawa. Dole jirgi ya tsaya can nesa ya jira. Saboda haka yawancin abin da ya shiga ko ya fita, yadi ne ko tagulla, bindiga ko zinariya, gwamna ko bawa, a cikin kwalekwalen da aka fafe daga gungumen icce ɗaya ya ratsa igiyar nan, a hannun mutanen da suka koyi karanta ruwa tun suna yara wajen kamun kifi. Haka aka ci gaba da yi a wannan gaɓa har aka buɗe tashar Takoradi a 1928. Gwanintar ta kai ga kamfanonin Turawa suna ɗaukar matuƙan Elmina da maƙwabtansu haya, su tafi da su gabas har Wida ta Jamhuriyar Benin ta yau, inda igiyar ta fi muni. Wasu daga cikinsu suka zauna a Aneho ta ƙasar Togo, suna cikin waɗanda suka kafa garin. Ko a fagen yaƙi, mai ganuwa bai isa shi kaɗai ba. A 1625 Turawan Holan sun zo da rundunar da ta ninka sojojin Fotugal sau da yawa, mayaƙan garin suka yi musu kwanton ɓauna suka kashe ɗaruruwa. Sai a 1637 suka yi nasara, bayan sun hau tudun da ke kallon ganuwar sun kafa igwa, kuma a wannan karon sun zo da nasu mataimaka daga garuruwan gaɓar.

Za a ce wannan magana tana rage nauyin abin da ya faru a cikin ɗakunan nan masu duhu, kuma me kifi zai auna a gaban cinikin mutane? Ƙorafin yana da ƙarfi, ba kuma wanda zai shiga kurkukun mata na Elmina ya fito yana neman a sassauta labarin. Amma duba tarihin ta wajen kwalekwale ƙara masa nauyi yake yi. Tun zamanin Fotugal ana kawo bayi daga yankin masarautar Benin, a sayar wa fataken zinariya a Elmina su yi musu dako. A hannun Holan ganuwar ta zama hedikwatar kamfaninsu a gaɓar, dubban mutane suka bi ta nan zuwa ƙasashen Amurka. Ko bayan Holan ta hana cinikin a 1814, daga 1831 zuwa 1872 ta kwashi mutum kusan 3,000 ta Elmina zuwa tsibirin Jaba na Indunusiya a matsayin sojoji, da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka samo ta Kumasi aka fanshe su da sharaɗin shiga soja. Duk waɗannan, wa ya tuƙa su zuwa jirgi? Mutanen gari ne, kuma an biya su. Labarin da ya tsaya a cikin ganuwa yana sa mai ziyara ya ɗauka Bature ne kaɗai ya yi aikin, gari yana gefe yana kallo. Gaskiyar ta fi haka ɗaci.

Ƙorafi na biyu ya fi wuyar amsawa: ai ganuwa ce ta mai da Elmina birni. Haka ne. Garin da bai wuce ƙauye ba a ƙarni na 15 ya kai mutum dubu goma sha biyar ko fiye a zamanin Holan, da gidajen dutse, da attajirai, da maƙera da magina da ke cin abinci a jikin kamfani. Sai dai tarihi ya gwada wannan da'awa da kansa. A 1872 Holan ta miƙa wa Ingila ganuwoyinta na gaɓar. Mutanen Elmina, waɗanda suka daɗe da ƙawance da masarautar Asante, yawancinsu ba su yarda ba, sarkinsu Kobina Gyan ya ƙi yin mubaya'a, aka kama shi aka kai shi Saliyo. Ranar 13 ga Yuni 1873 Ingila ta buɗe wa tsohon garin wuta daga ganuwa da kuma jiragen ruwa, ya ƙone ƙurmus. A faɗan da aka yi da mayaƙan Asante a bayan gari a wannan rana, akwai sojojin Hausa cikin rundunar Ingila, abin da mai karatu Bahaushe ya kamata ya sani. Ba a sake barin kowa ya yi gini a wurin ba, kuma filin da 'yan hutu ke ratsawa yau kafin su kai ƙofar ganuwa, kufan wancan gari ne. Ciniki ya ƙaura, fadar mulki ta koma Akra a 1877, ganuwar ta zama wurin ajiye irin su Prempeh na Ɗaya, sarkin Asante, da aka tsare a ciki a 1896. Da a ce Elmina ɗan ganuwa ne, da nan ya mutu. Mutane suka ƙetara Benya suka sake gini, suka ci gaba da fita teku.

Wanda ke neman tsohon abu mai rai a Elmina, a bakin ruwa zai same shi. Ranar Talata ba a fita su, kwalekwale na ɗaure, ana gyaran taru. Talatar farko ta watan Yuli ake bikin Bakatue, bayan makonni da aka hana kamun kifi a tafki, a jefa taru sau uku a gaban sarki, sannan a buɗe kakar su. Masunta suna da sarkinsu mai sasanta rigima, kamar yadda sarkin ruwa yake a garuruwanmu na bakin kogi. Mata ne ke saye da banda da kai kifi kasuwannin cikin ƙasa, suna da shugabarsu, kuma sau da yawa kuɗinsu ne ke sayen mai da taru kafin maza su fita. Da injin da ake ɗaura wa kwalekwale ya shigo wajen ƙarshen shekarun 1950, sana'ar ta karɓe shi ba tare da ta sake tsari ba, sai dai nisan tafiya ya ƙaru, har masuntan ƙabilar Fante suka bazu zuwa Kwaddebuwa da Laberiya da gaba.

Saura masu cewa zamanin kifi ya wuce, gaba ta yawon buɗe ido ce. Hujjarsu ita ce UNESCO ta sa ganuwoyin Gana cikin kayan tarihin duniya a 1979, kuma shekarar 2019 da gwamnati ta ware don jikokin bayi su zo ganin gida ta kawo baƙi masu yawa. Kuɗin baƙo halal ne, garin kuma yana bukatarsa. Amma baƙo kwana biyu yake yi, wani ma awa biyu, ya wuce garin Cape Coast, kuma abin da ya kashe yana tsayawa ne a ƙofar ganuwa da otal. Dubban gidajen da ke bayan tasha da abin da taru ya jawo suke ɗora tukunya. Abin tsoro shi ne tarun ya fara dawowa ba nauyi. Ƙananan kifayen da talaka ya dogara da su sun ragu ƙwarai, saboda yawan kwalekwale, da su da fitila da dare, da kuma cinikin da ake kira saiko, inda manyan jirage suka riƙa kwashe kifin masu kwalekwale su daskarar, su sayar a tsakiyar teku duk da doka ta hana. Wani bincike ya ƙiyasta tan 100,000 aka sauke ta wannan hanya a 2017 kaɗai, Elmina kuma ita ce babbar tasharsa a lokacin. A 2019 gwamnati ta fara rufe wa masu kwalekwale teku na ɗan lokaci don kifi ya hayayyafa, kuma an gyara tashar masunta ta garin, amma siminti ba ya haifar da kifi.

Ganuwar tana da hukumar da ke kula da ita, tana da dokar duniya da ke kare ta. Sana'ar da ta girme ta ita ce ke bukatar mai tsaya mata, kuma gwamnatin da ke tallan Elmina ga baƙi ita ce ke ba manyan jirage lasisi. Kai kuma mai shirin zuwa hutu, ka shiga ganuwa, wajibi ne, amma ka tashi da asuba ka sauka tasha lokacin da kwalekwale ke shigowa, ka tambayi matan da ke ciniki yadda kamun bana yake in an gwada da na shekara goma baya.